Ƙanƙara Ta Ci Yatsun Saja, Ba Ta Ci Saja Ba

Sunana Saratu. Ni matar Saja Bawa ce, tsohon soja, a Zuru muke zaune. Ban yi boko ba. Karatun Hausa a ajin manya na coci na koya, don in riƙa karanta Littafi da kaina, kuma da shi nake wannan rubutu. Na rubuta ne saboda yanzu kusan kowace unguwa akwai mai ɗa ko 'ya a ƙasar sanyi, iyaye kuma suna ta tafiya. Wanda zai je ya karanta wannan kafin ya ɗaure kaya.

'Yarmu Rifkatu nas ce a Kanada. Da haihuwarta ta fari ta matso, ita da mijinta Ishaku suka yi mana takardu, ni in je in yi mata jego, babanta kuma ya raka ni ya ga duniya. Saja ya ce shi ya gama ganin duniya tun yana cikin kaki, amma ya riga ni shirya kaya. A cikin kayan har da dogon takalminsa na roba, wanda yake shiga fadama da shi. Na tambaye shi me zai yi da wannan. Ya ce an gaya masa ƙasar tana da farar laka.

Mun sauka bayan Kirsimeti kaɗan. Sanyin da muke kuka da shi a nan, mu hura wuta mu zagaye ta, can ranar daɗi ce. Ana buɗe ƙofar filin jirgi na ji kamar an mare ni. Gashin cikin hancina ya sandare. Dusar ƙanƙara kuma ba ta sauka da ƙara kamar ruwan sama. Shiru take zuwa, kamar wani yana tankaɗe gari a sama. Ka kwanta ka tashi, ka ga motar da aka ajiye a waje ta ɓace, sai tudu a wurinta.

Zaman can zaman ɗaki ne. Ko shara za ka zubar sai ka jibga kaya kamar mai zuwa yaƙi. Rana tana fitowa amma ba ta da zafi, kafin yamma ta yi sosai duhu ya rufe. Wata rana na wanke zane na shanya a baranda, na dawo na tarar ya ƙame, ya tsaya kamar kwanon rufi. Leɓe ya tsage, diddige ta tsage. Ni dai ina da abin yi: ga jariri, ga mai jego, ga tukunya. Saja ba shi da komai. Mutumin da tun yana yaro rana ba ta taɓa iske shi a kan gado ba, sai ga shi a kujera yana kallon taga daga safe har dare.

Akwai kuma abin da ke cin sa a rai. A wurinmu, a da, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da abokansa su yi shekaru suna nome gonar uban yarinyar. Saja shekara bakwai ya yi a gonar ubana. Ishaku bai yi ba, zamani ya canja, kaya aka kawo aka ɗaura aure. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mana murya ba, amma Saja bai manta ba. Yanzu ga shi zaune yana cin abincin surukin da bai taɓa riƙe masa garma ba. Ya ce mini tuwon ba ya wuce masa a wuya. Na ce ya sha ruwa ya tura.

A makonmu na ƙarshe aka yi dusar ƙanƙarar da ta fi duka. Kwana biyu tana sauka ba tsayawa. Hanyoyi suka toshe, Ishaku ya maƙale a wurin aiki. Da safe ƙofar gida da ƙyar ta buɗu. A can kowa shi ke kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa, sai Saja ya ga ya sami gona. Ishaku ya saya masa takalmin ƙanƙara mai gashi a ciki, amma Saja ya ce wannan kamar an ɗaura wa mutum turmi a ƙafa ne. Ya zura na roba, ya ɗauki shebur. Rifkatu tana barci, ni ina yi wa jariri wanka.

Ya kwashe ƙofar gida. Ya tono mota. Daga nan ya wuce ƙofar maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya mai zama ita kaɗai, ya gama ya shiga ta gaba. Ya mai da abin gayya, shi kaɗai. Ta taga na hango shi yana watsa ƙanƙara hagu da dama kamar mai huɗa, hayaƙi yana fita daga bakinsa, yana dariya. Tun da muka zo ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Bai shigo ba sai da rana ta wuce tsaka. Ashe ƙanƙara ta shiga ta bakin takalmin, ta narke, ta jiƙa safa, ta sake daskarewa a ƙafarsa. Ga shi da ciwon suga, dama ƙafar ba ta ji sosai. Da ya shigo sai ya yi abin da kowane mutumin Zuru zai yi in ya ji sanyi: ya matsa kusa da wuta. Ya zauna a ɗakinmu ya manna tafin ƙafarsa a jikin hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, ya daɗe a haka. Daga baya likita ya gaya mana cewa ƙafar da sanyi ya kashe ba ta sanin zafi, don haka bayan ƙunar ƙanƙara ya ƙara mata ƙunar wuta.

Ya ɓoye. A can kowa da safa yake kwana, da ita yake wuni, don haka ba wanda ya ga komai. Na ga yana ɗingishi, ya ce ƙugu ne. Baturiyar ta kawo masa burodi mai zaƙi ta yi godiya, ya karɓa yana tsaye ƙyam kamar a fareti. A golmo ake koya musu haka, namiji ba ya cewa da zafi. Kuma ba zai buɗe wa 'yarsa ƙafa ba, ba zai jawo wa suruki kashe kuɗin asibiti ba. Haka ya hau jirgi, haka ya sauka, haka ya zauna a mota har Zuru.

Ranar da muka iso, bayan masu sannu da zuwa sun watse, ya ce in rufe ƙofa in kawo reza. Takalmin dama ya ƙi fita, sai da muka yanka shi. Ƙafar hagu ta sale kawai. Ta dama kuwa ta kumbura, ta yi bororo masu jini, ƙananan yatsu uku sun yi baƙi kamar doyar da aka manta a wuta.

Na ce, “Da nas a cikin gida ka ɓoye wannan?”

Ya ce, “Kada ki gaya wa yarinyar.”

A gabansa na kira ta, na juya mata wayar ta gani da idonta. Ta yi kukanta ta gama, sannan ta ce asibiti da sassafe, kuma kada a gasa, kada a murza, kada a shafa komai.

Makon farko a layi ya ƙare. Layin kati, layin gwajin jini, layin ganin likita. Zafi ya fara shigowa, kowa yana fifita da katinsa, mu kuma duk wanda ya tambaya me ya sami Baba sai in ce ƙanƙara. Sai a yi dariya. Wani ya tambaya ko a cikin firjin masu kifi ya faɗa. Ban yi dariya ba, ban kuma yi faɗa ba, na riƙe wurina a layi.

Likitan da ya gan mu yaro ne, bai kai Rifkatu ba. Abin da ya sa na yarda da shi, bai yi mana ƙarya ba. Ya ce a littafi ya san wannan ciwo, bai taɓa ganin sa da ido ba. Ya karɓi waya ya yi magana da Rifkatu, ya kira wani babbansa a Sakkwato, sannan ya dawo ya zauna ya dube ni.

Ya ce, “Mama, baƙin nan zai ja wa kansa layi. Muddin a bushe yake, ba ruwa, ba wari, za mu jira mu ga iyakarsa. Amma ranar da ya jiƙe ya fara wari, ba sauran jira.”

Wannan magana na ƙulle ta a bakin zane. A bushe, a jira. In ya jiƙe, ba jira.

Zan faɗi gaskiyar asibiti gaba da baya. Komai sai ka fita waje ka saya, har auduga da safar hannun da za a taɓa ka da ita. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki a ce a dawo gobe. Amma a nan ne kuma na ga wata nas, Musulma ce 'yar cikin gari, da take wanke ƙafar nan a hankali kamar ta ubanta, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Tana kiran sa Baba Soja, tana sara masa, shi kuma yana gyara mata yadda ake ɗaga hannu.

Mako na biyu da na uku muna gida, muna zuwa wankin ciwo a Keke Napep. Faɗanmu kullum a kan abinci ne. An ce a rage masa tuwo saboda suga, shi kuma ya ce malmalar da nake ba shi ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba. Na buɗe rumbu na fara fitar da dawa ina sayarwa, daga baya akuya ta bi. Rifkatu tana aiko da kuɗi, amma a ɓoye, don in ya ji zai ce a mayar.

Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa ya zo. Wannan ya ce man kaɗe, wancan ya ce tokar kara. Wata ta ja ni gefe ta ce ba ƙanƙara ba ce, wani abu aka binne masa a ƙofa saboda ya hau jirgi, ya taka. Na ce mata ciwon tun daga can ya zo da shi, sai dai in mai binnewar ma biza gare shi. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce mu bi maganar likita. Matan zumuntar coci suka riƙa kawo itace da ruwa. Ƙafar hagu ta warke. A ta dama layin ya fito sarai kamar an ja da gawayi, baƙin ya tsaya a yatsu ukun, ya bushe ƙamas. Na fara samun barci.

Sai ga Yaya Tani daga Manga da ƙunshin kayanta. Yayarsa ce, ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, kuma har yau in ta yi magana ba ya ɗaga kai. Ta dubi ƙafar ta ce wannan ai ba wani abu ba ne, sanyi ne ya shiga, da zafi ake korar sanyi. Haka ake yi wa mai jego, haka ake yi wa mai targaɗe. Na ce likita ya hana. Ta ce ai likitan da bakinsa ya ce bai taɓa gani ba, ita kuwa tun kafin a haifi uwarsa take gashi. Na ce a gidan nan ba za a gasa ba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar kasuwa na fita sayar da dawa. Yaya Tani ta tafasa ganye da kanwa, ta kwance bandeji, ta gasa masa ƙafar da tsumma, ta shafe da man kaɗe, ta mayar da bandejin yadda yake. Shi bai ji zafi ba, sai suka ɗauka alamar sauƙi ce. Ba sau ɗaya suka yi ba. Duk fitar da zan yi, tukunya tana kan wuta. Da ranar wanki ta zo ya ce ya gaji, a bari sai jibi. Ga zafin bazara ya tsaya a kan Zuru. Ƙafar da sanyi ya kashe, zafi ya zo ya ruɓar.

Hanci ne ya gaya mini. Na shiga ɗaki da kwanon abinci na tsaya. Na ajiye kwanon, na kwance bandejin da hannuna. Na wuce Yaya Tani, na fita na tare mai Keke.

Likita ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya ce ya jiƙe. Ya ce a cikin makon nan za a cire yatsu ukun da ɗan naman da ke kusa da su. In an wuce haka, sai ƙasan gwiwa. In an ƙara wucewa, abin zai shiga jini, daga nan kuma ba aikinsa ba ne.

Saja ya ɗauki hularsa ya sa. Ya ce, “Na je yaƙi na dawo da yatsuna cif. Ba ƙanƙara ce za ta sa a binne ni guntu-guntu ba. Kai ni gida.”

Muka koma gida. Yaya Tani ta goya masa baya, ta ce a gidansu ba a taɓa rage mutum yana da rai ba, yadda Allah ya kawo shi haka zai koma. Rifkatu ta roƙe shi a waya, ya miƙo mini wayar tana cikin magana. Ishaku ya kira, bai karɓa ba. Fasto ya zo ya zauna ya tashi. Zazzaɓi ya fara rufe shi da yamma, ja yana hawa saman ƙafar. Ya kira ni ya fara gaya mini wanda za a ba garmarsa da wanda za a ba kekensa.

Ban yi kuka ba. Na binne 'ya'ya biyu. Na zauna a bariki shekaru ina kallon hanya in an tafi da sojoji yaƙi, ban san ko zai dawo ba. Kuka bai taɓa dawo mini da komai ba. Na ce masa ya riƙe garmarsa, ban tambaye shi ba. Na ɗaura zane na hau mashin zuwa Dabai.

Cikin abokan da suka yi golmo tare da shi a gonar ubana, biyu suka rage. Akwai Dogo a Dabai, akwai Audu a Dirin Daji, wanda ake ce wa Kurma saboda ƙarar babbar bindiga ta toshe masa kunne a soja. Na sami Dogo yana gyaran danga. Na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce su zo su yi masa magana. Ya ce magana ba ta taɓa shiga kan Bawa ba tun suna yara. Sannan ya ce in koma gida in tuƙa tuwo da yawa gobe, shi zai nemo Audu.

Washegari da hantsi suka iso, tsofaffi biyu a kan mashin ɗaya, da diga da shebur. Ba su shiga gaida mara lafiya ba. Suka zagaya bayan ɗakinsa, daidai ƙarƙashin taga, suka fara sara ƙasa. Ni kaina ban san abin da suka shirya ba.

Daga ciki Saja ya ce, “Wa ke fasa mini ƙasa?”

Dogo ya leƙo ta taga ya ce, “Mu ne. Mun ji ka yanke shawara. Ƙasar rani tauri gare ta, mu kuma mun tsufa. In muka jira sai ranar, mutane za su gaji da zama kafin mu gama.”

Ya shigo da karan dawa, ya ce masa ya miƙe daidai, ya auna shi daga kai zuwa ƙafa, ya karya karan, ya fita. Saja ya bi shi da ido. Maƙwabta suka fara taruwa a bakin danga. Yaya Tani ta fito tana faɗa, tana cewa wane irin rashin imani ne wannan, mutum yana numfashi. Dogo bai daina sara ba. Ya ce mata ita ta riga ta yi nata aikin da ruwan zafi, su ƙarashe kawai suka zo yi. Ta tsaya kamar an zuba mata ruwa, ta koma ta zauna a kan turmi.

Audu kuwa, da yake ba ya ji, ba ya iya magana a hankali. Duk unguwa ta ji shi. Ya ce tun da aka kafa ƙasar Zuru bai taɓa jin wanda ya yi wa mijin 'yarsa golmo ba sai Bawa, har da na maƙwabta kyauta, kuma a gonar da ba a shuka komai. Mutane suka fashe da dariya. Sannan ya jingina da diga ya ɗaga murya ta taga.

“To, Saratu fa? Ni ma shekara bakwai na yi a gonar ubanta, kai ka ɗauke ta. Gumina yana nan a ƙasar. In ka tafi, ka san inda za ta koma.”

Kofin ruwa ya fito ta taga ya wuce kunnen Audu. Mutumin da tun jiya ba ya iya ɗaga kai, sai ga shi zaune yana zagi cikin yarenmu, zagin da rabon da in ji shi tun muna bariki.

A nan na shiga na turo ƙofa. Na tsaya a kansa, ban zauna ba.

Na ce, “Baban Rifkatu, ƙaya ta shiga ƙafar nan a gonar ubana, kunama ta harbe ta, ba ka ajiye garma ba sai da ka kai ƙarshe. Yau saboda yatsu uku za ka bar ni a tsakiyar gona? In ramin ka zaɓa, ga shi can, ba zan hana ka ba. Amma in jikanka ya girma ya tambaya, ba zan ce ƙanƙara ta kashe ka ba. Zan ce tsoron wuƙa ne.”

Ya daɗe yana kallon ƙafar. A waje diga tana ta sauka, ƙasa tana zuba. Sai ya ce in gaya wa kurman nan ya dakata, ya kusa taɓa gindin gini. Na tsaya ina jira. Ya ce, “Ki kira mai mota.”

Su biyun suka ɗauke shi zuwa mota, da ƙasa a jikinsu. Tuwon da na tuƙa a asibiti suka ci shi.

An yi aikin washegari. Samarin coci suka ba da jini, Audu ma ya miƙa hannu aka ce ya tsufa, bai ji ba, ya yi ta miƙawa. An cire yatsu ukun da gefen ƙafar kaɗan. Babban yatsa da na kusa da shi sun tsira. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu da ba wannan maganar muke yi ba, kuma da babban yatsa mutum yake tsayuwa.

Makonnin da suka biyo baya a ƙasan gadonsa na yi su, a kan tabarma, ni da sauro. Ruwa sai an saya, magani sai an fita. Ciwon mai suga ba ya saurin rufewa, yau a ce ya yi kyau, jibi a ce a sake kankarewa. Rumbu ya yi ƙasa sosai. Yaya Tani ba ta koma Manga ba. Kullum da safe sai ta zo da kunu ba suga, ta kwashe kayan da ya ɓata ta wanke. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Wata rana muna shanya a bayan ɗakin marasa lafiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ita ba ta sani ba. Na ce na sani. A nan maganar ta tsaya.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In ka je ƙasar ƙanƙara, takalmin da suka ba ka shi za ka sa, ko nauyinsa ya kai turmi. In safa ta jiƙe, ka shiga gida. In yatsa ya daina ji, kada ka kai shi wuta, kada ka manna shi a hita, kada ka murza, ka nuna wa masu gida nan take. Mai ciwon suga ya riƙa duba ƙafarsa da ido, don ba za ta gaya masa ba. Sanyin can ba irin namu ba ne, ba a korar sa da gashi. Ke kuma mace, in mijinki ya ce ƙugu ne, ki cire masa safa ki gani.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga ƙannen Ishaku da 'yan uwansa sun iso da garemani, wai ya kira su daga can ya ce su je gonar surukinsa. Aka kai Saja a mashin, ya zauna a gindin ɗorawa da sanda, ya wuni yana kushe aikinsu, yana cewa ba haka ake huɗa ba. Da yamma ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari. Ban ba shi ba.

Ramin bayan ɗaki kuwa, tun daga asibiti ya aiko cewa kada wanda ya cike shi. Har ɗan akuyar maƙwabta ya faɗa ciki, sai na rufe da tsohon kwano. Yana nan har ciwon ya rufe, har ya ajiye sanda ya fara takawa da takalmin da na cusa wa tsumma a gefe.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya janye kwanon ya ɗauki garmarsa. Ni da Yaya Tani muna tsakar gida. Ya fara ja da ƙasa yana turawa ciki. Ƙafar ba ta saba ba, ya karkace ya faɗi a kan gwiwa. Yaya Tani ta zabura, na riƙe mata zane. Ya tashi da kansa. Bai tsaya ba sai da ramin ya cika, sannan ya hau kai ya tattake ƙasar da ƙafar nan mai yatsu biyu, gaba da baya, har ta kwanta.

Ya share gumi, ya dube ni.

Ya ce, “Ki aika wa Audu. A gaya masa da ƙarfi yadda zai ji. Gidan nan da mai shi.”